Na daina fita zanga-zanga, addu'a ma ta gagare ni

Mama, barka da aiki. Ni Kirista ne, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Lokacin da nake makaranta ni ne shugaban zumuntar matasa a ikilisiyarmu. Mukan yi nazarin littafin Amos da yamma, gari ya waye mu fita kan titi da kwalaye muna neman a hukunta waɗanda ke kashe mutane ba gaira ba dalili, a kuma daina wawure dukiyar jama'a. Na shaƙi barkonon tsohuwa, na kwana a hannun 'yan sanda. A lokacin na sakankance Allah ne ya aike mu, kuma kafin mu yi furfura ƙasa za ta gyaru.

Yau babu abin da ya sauya, sai ma abin da ya ƙaru. Cikin waɗanda muka fita tare, wasu sun bar ƙasar, wasu sun koma neman kuɗi ido rufe, babban abokina kuwa ya karɓi muƙami a hannun mutanen da muka yi wa ihu. Fastonmu ya ce zanga-zanga tawaye ne ga Allah, yana kafa hujja da Romawa 13, sauran wa'azinsa duk na buɗi ne da ɗaukaka. Matata ta ce in zan sake fita in fara nemo wanda zai riƙe mata yara. Ni kaina yanzu in na ga labarin zalunci a waya sai in wuce, ko gezau. In na durƙusa addu'a baki ne kawai ke motsi. Kwanan baya ƙanena ɗan shekara 19 ya zo da zumuɗinsa ya ce in raka su wani gangami, sai na yi masa dariya na ce, "Mun yi kafin ku, me ya fito?" Ya fita bai ce uffan ba, abin kuma ya tsaya mini a rai. Mama, hankali na yi ne, ko bangaskiyata ce ta mutu? Kuma da gaske zunubi muka yi da muka fita?

Ɗanki cikin Almasihu.

Ɗana,

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi, kuma ba na so ka ci gaba da ɗaukar laifin da ba naka ba. Romawa 13 tana nan, ba mai goge ta. Bulus ya rubuta wa masu bi da ke zaune a babban birnin daular Roma cewa su yi biyayya ga mahukunta, su biya haraji. Amma ka karanta har aya ta 4, inda ya faɗi aikin mai mulki: bawan Allah ne domin amfanin jama'a, takobin da ke hannunsa na hukunta mai mugunta ne. Mutumin da ya tsaya a bakin titi cikin lumana yana tuna wa hukuma wannan aikin bai fita daga surar ba. Ka kuma duba yadda wanda ya rubuta ta ya yi da kansa. A Filibi aka yi musu bulala shi da Sila, aka jefa su kurkuku ba tare da shari'a ba. Da gari ya waye mahukuntan suka aiko a sallame su a asirce, Bulus ya ce ina, an doke mu a bainar jama'a alhali mu Romawa ne, su zo da ƙafarsu su fitar da mu. Suka zo, suka ba da haƙuri. Yana nan a Ayyukan Manzanni 16. Ungozoman nan biyu na Fitowa sura 1 sun ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai, Allah kuma ya yi musu alheri. Bitrus ya faɗa wa majalisa ido da ido cewa dole su yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Yahaya Mai Baftisma kuwa tsawata wa Hiridus ce ta kai shi kurkuku, daga can aka fille masa kai.

Wannan surar ta daɗe tana shan wahala a hannun masu son a yi shiru. A Afirka ta Kudu, zamanin mulkin wariyar launin fata, da ita aka riƙa toshe bakin Kiristoci baƙar fata, har a 1985 wasu malaman tauhidi na ƙasar suka fitar da takarda suna ƙaryata wannan fassarar. Saboda haka fita neman adalci cikin lumana ba zunubi ba ne. In akwai ranar da ka jefi wani da dutse, ko ka ji daɗi da aka ƙona dukiyar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ko ka tsani ɗan sandan da ke gabanka har ka manta mutum ne, wannan kai ka sani, kuma ka san inda ake kai irinsa. Fitar kanta dai ka sauke ta daga wuyanka.

Ɗayar tambayar ce mai nauyi, kuma amsata ita ce ko ɗaya daga cikin biyun da ka lissafa ba shi ne ya same ka ba. Wanda bangaskiyarsa ta mutu ba ya kwana da damuwar dariyar da ya yi wa ƙanensa. Amma kada ka kira halin da kake ciki hankali, don hankali ba ya sa mutum ya ga an zalunci wani ya wuce ko a jikinsa. Abin da na gani a wasiƙarka jimla ɗaya ce: kafin mu yi furfura ƙasa za ta gyaru. Wa ya yi maka wannan alkawarin? Ka bincika daga Farawa zuwa Wahayi, ba za ka same shi ba. Kai da abokanka kuka yanka wa Allah wa'adi, kuka haɗa shi da bangaskiyarku kuka ɗaure wuri ɗaya. Da wa'adin ya cika ba a ga komai ba, sai ka ɗauka duka biyun ne suka faɗi. Almajiran nan biyu da ke kan hanyar Imuwasu irin maganarka suka yi, suka ce da mun sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. Suna faɗar haka kuwa wanda suke makokinsa yana tafiya a gefensu.

Ina so ka zauna da 1 Sarakuna 19 na 'yan kwanaki, don labarinka ne. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, jama'a sun fāɗi rubda ciki suna cewa Ubangiji shi ne Allah. Duk mai hankali zai ce shi ke nan, ƙasa ta juyo. Ba a jima ba Yezebel, matar sarki Ahab, ta aiko masa da saƙon kisa, Ahab na kan gadon mulkinsa, komai na nan yadda yake. Annabin ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya ce ya isa, Ubangiji, ka ɗauki raina. Ka lura da abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa wa'azi ba, bai ce masa ina bangaskiyarka ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Sai da ya kai Horeb sannan aka tambaye shi me yake yi a nan. Da ya ce ni kaɗai na rage, aka gyara masa lissafi, aka ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Sa'an nan aka ba shi ayyuka ƙididdigaggu, cikinsu har da zuwa ya keɓe wani saurayi mai suna Elisha ya gaje shi. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Gajiyar nan ba kai ka fara ta ba, kuma manyan da ake ba da labarinsu yau sun sha ta. Kowa ya san sunan William Wilberforce a yaƙi da cinikin bayi a Birtaniya, amma mutumin da ya yi ta zagaya tashoshin jiragen ruwa a kan doki yana tattara shaidu shi ne Thomas Clarkson. Sun kafa ƙungiyarsu a 1787 da zaton abin ba zai daɗe ba. A 1791 majalisa ta yi watsi da ƙudurin da ƙuri'a 163 a kan 88. Zuwa 1794 jikin Clarkson da zuciyarsa sun gaza, dukiyarsa ta tafi, ya janye gaba ɗaya ya koma ƙauye. Kusan shekara 10 ya yi a gefe. Ya dawo a 1804, aka haramta cinikin a 1807. 'Yanta bayin kansu kuwa sai 1833, bayan wani dikon na Baptis mai suna Samuel Sharpe ya jagoranci boren bayi a Jamaika a ƙarshen 1831, aka rataye shi a 1832. Wilberforce ya rasu 'yan kwanaki kaɗan bayan ya ji cewa dokar za ta wuce. Kuma don kada ka ɗauka nasarar tsarkakakkiya ce, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, iyayengijin bayin ta biya, su bayin ko sisi. Shekara 46 ke nan daga farawa zuwa wannan rabin adalcin. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 ya fito da sanda a hannu.

Wasu ma ko rabin ba su gani ba. Janani Luwum, babban bishop na Anglika a Yuganda, ya kai wa shugaban ƙasar, Idi Amin, takardar koke kan kashe-kashe da ɓacewar mutane a watan Fabrairun 1977. Cikin kwanaki aka kashe shi, gwamnati ta ce haɗarin mota ne, Amin kuma ya ci gaba da mulki har 1979. Oscar Romero, babban bishop na Katolika a El Salvador, ya roƙi sojoji a cikin wa'azi su daina harbin 'yan'uwansu, washegari, 24 ga Maris 1980, aka harbe shi yana tsakiyar sujada, yaƙin basasar ƙasar kuma bai tsaya ba sai 1992. In da sakamakon da ido ke gani ne ma'aunin ko Allah ya aiki mutum, da waɗannan biyun sun fāɗi jarrabawa, da Irmiya ma ya fāɗi, wanda ya yi kusan shekara 40 yana gargaɗi, birnin kuma ya ci wuta a gaban idonsa.

Yanzu kuma zamanin. Ka yi gaskiya da ka ce mutane sun yi sanyi, kuma ba a ƙasarku kaɗai ba. Matashin da ke fama da kuɗin haya da bashi da neman aiki ba shi da sauran ƙarfin mafarkin gyara duniya. Wayar da ke hannunsa tana zuba masa bala'in ƙasa goma kafin ya wanke fuska, zuciyar ɗan Adam kuwa ba a yi ta don ɗaukar wannan duka ba, sai ta kare kanta da halin ko-in-kula. Ya ga 'yan gwagwarmaya da yawa sun zama abin da suka yaƙa. A ikilisiyoyi da dama kuma an mai da bishara maganar ni da buɗina, ni da ƙarin girmana, har wanda ya tambayi ina gwauruwa da maraya sai a ga kamar ya kawo siyasa cikin haikali. Yesu ya riga ya faɗa a Matiyu 24:12 cewa saboda yawaitar mugunta ƙaunar mutane da yawa za ta yi sanyi. Ka lura, bai ce mugunta za ta sa su zama mugaye ba. Sanyi kawai ya ce, kuma sanyin ya wadatar wa azzalumi.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi yadda tsararku kuka koyi gwagwarmaya, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne. Intanet ta sa tara jama'a ya yi arha. Saƙo ɗaya a Facebook ko WhatsApp na iya cika fili cikin kwana biyu da mutanen da ba su san sunan juna ba. A 2011 taron dandalin Tahrir a Alƙahira ya kawar da shugaban Masar, Hosni Mubarak, cikin kwana 18, duniya ta yi ta tafi. Zuwa watan Yulin 2013 sojoji sun dawo da ikonsu. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun duba gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka gano cewa waɗanda aka yi cikin lumana sun yi nasara kusan kashi 53 cikin ɗari, masu ɗaukar makami kuwa kusan kashi 26. Amma Chenoweth ta sake dubawa daga baya ta ga cewa daga 2010 zuwa gaba, duk da cewa zanga-zanga ta ƙaru, nasararta ta ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Gwamnatoci sun koyi dabarun murƙushe ta, su kuma masu fita sun dogara da cika titi kaɗai. Wutar kara ce: ta tashi sama kowa ya gani, kafin a ɗora tukunya ta zama toka.

Ka gwada wannan da Montgomery, a kudancin Amurka. Abin da aka fi sani shi ne wata mata, Rosa Parks, ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata a ranar 1 ga Disamba 1955. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta riga ta yi shekara 12 tana sakatariyar reshen ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata na garin, tana rubuta koke-koken da ba wanda ya karanta. Akwai ƙungiyar mata da ta daɗe tana shirin ƙaurace wa motocin, shi ya sa cikin dare ɗaya suka buga dubban takardu suka raba. Ƙauracewar ta ɗauki kwana 381. Mutane sun kai wuraren aikinsu ne saboda an tsara motoci kusan 300 na masu sa kai, da wuraren ɗauka da na saukewa, da masu tara kuɗin mai. Ana taruwa a majami'u da yamma a yi waƙa, a yi addu'a, a ji inda aka kwana. Fasto Martin Luther King yana ɗan shekara 26 aka ɗora shi a gaba, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin wani dare a watan Janairun 1956 da aka yi masa barazana ta waya, ya kasa barci, ya zauna a ɗakin girki ya faɗa wa Allah ƙarfinsa ya ƙare. Kwanaki kaɗan bayan haka aka jefa bam a gidansa. Ko shi bai tsira daga irin fastonka ba: a 1963 malaman addini takwas a birnin Birmingham na Amurka suka rubuta cewa zanga-zangarsa ba hikima kuma ba lokacinta ba ne, ya ba su amsa daga cikin kurkuku. A 1966 ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa kallonsa da idon rahama. Gumakan da ake gina masa yau bayan an harbe shi a 1968 ne aka fara.

A Leipzig ta Jamus ta Gabas kuwa, wata majami'a ta fara addu'ar neman salama kowace Litinin da yamma tun 1982. An yi lokutan da masu zuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ba su fasa ba. Ranar 9 ga Oktoba 1989 mutum kusan 70,000 suka fito bayan wannan addu'ar riƙe da kyandir, jami'an tsaro na tsaye da makamai ba su yi harbi ba, wata ɗaya bayan haka katangar Berlin, wadda ta raba birnin gida biyu tsakanin Gabas da Yamma, ta faɗi. Kowa na son ya kasance cikin dubu saba'in ɗin nan. Ni tambayata gare ka ita ce ko za ka iya zama cikin 'yan ƙalilan ɗin 1984, da ba mai ɗaukar hotonsu.

Ga abin da nake ba ka shawara ke nan. Ka daina auna kanka da gyaran ƙasa baki ɗaya, wannan ya fi ƙarfin kafaɗar mutum ɗaya, shi ne ma ya durƙusar da kai. Ka zaɓi zalunci guda ɗaya da ke kusa da kai, wanda za ka iya kiran sunan mutanen da yake ci. Mutanen da ke tsare shekara da shekaru ba a kai su gaban alƙali ba, ko matan da ake kora daga gida bayan rasuwar mazansu, ko ma'aikatan da ake riƙe wa haƙƙi, kai ka san wanda ya fi tsaya maka a wuya. Ka nemi mutum huɗu ko biyar, ba ɗari ba, ku sa rana ɗaya a wata da ba ta tashi. Ku koyi abin da doka ta ce a kan batun, ku san wane ofishi ne ke da alhaki, ku nemi lauya mai tsoron Allah, ku rubuta, ku koma, ku sake komawa. Gwauruwar Luka 18 ba ta da jama'a a bayanta, naci kawai gare ta, har alƙalin da ba ya tsoron Allah ya gaji ya biya mata haƙƙinta. Aikin ba daɗi, ba kuma wanda zai yaba maka a waya. Amma ranar da mutum ɗaya ya fito daga inda aka manta da shi saboda takardar da kuka bi, za ka ji wani abu ya motsa a inda kake cewa ya mutu. In kuma wata rana fita titi ta zama dole, za ka fita da mutanen da ka sani, da buƙata takamaimiya, da sanin abin da za ku yi washegari.

Sai maganar ƙanenka, kuma a nan ba zan sassauta maka ba. Gajiya ba laifi ba ce, janyewa na ɗan lokaci ma ba laifi ba ne. Dariyar ce laifi. Zabura ta fari ta lissafa wurare uku da mai albarka ba ya zuwa, na ƙarshensu mazaunin masu ba'a ne, kuma zama ake yi a can, ba wucewa ba. Mai ba'a yakan ɗauka ya fi kowa wayo, alhali ciwonsa yake rufewa: in ƙanenka ya yi gaskiya, to kai ka yi asarar wani abu mai daraja, in kuwa wawa ne, ka huta. Shi ya sa ka yi dariyar. Yaron ya zo wurinka ne don kai ne ya gani yana tasowa, wataƙila kwalayenka ne suka fara koya masa cewa Allah ya damu da wanda aka zalunta. Ka je ka same shi a cikin makon nan, kada ka aika saƙo. Ka ce masa ka yi kuskure, ka kuma faɗa masa gaskiyar abin da ya karya maka gwiwa. Daga nan ka ba shi abin da ku ba ku samu ba. Ka tambaye shi wa ya kira gangamin, me ake nema takamaimai, wa ke biyan kuɗin, wa zai tsaya in an kama wani, lambar wane lauya ce a aljihunsa, me za su yi in 'yan daba suka shigo don a ɓata abin. Ka koya masa ya bar wurin da zarar an fara ƙone-ƙone. A Birmingham sai da masu fita suka sa hannu a takardar alkawari, sharaɗin farko a cikinta shi ne yin tunani kullum a kan koyarwar Yesu da rayuwarsa, akwai kuma na ƙin ramuwa da hannu ko da harshe ko da zuciya. Tsararsa na da zafi, abin da suka rasa manya ne da suka taɓa ƙonewa kuma ba su koma gefe suna gatse ba. Elishan da na ce ka riƙe ke nan.

Matarka ba abokiyar gābar kiranka ba ce. Ita ce ta zauna da fargaba daren da ba ka dawo ba, ko ta ji labarinsa, kuma Bulus ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Kada ka sake yanke shawarar da za ta iya mai da ita gwauruwa ba tare da ita ba. Ka zaunar da ita ka nuna mata aikin da kake so ka ɗauka, da iyakar da ba za ka tsallake ba sai da yardarta. Sau da yawa macen da ta ce kada ka fita ba adalcin take ƙi ba, ƙin a bar ta a duhu take yi.

Addu'a kuwa, ka daina ƙoƙarin yin mai kyau. Ka buɗe Habakuk sura 1, ko Zabura 13, ko 73, ko 88, ka karanta su da ƙarfi a matsayin naka. Mutanen nan sun tambayi Allah har yaushe, sun ce masa mugaye na ƙiba masu gaskiya na shan wuya, ba a kuma cire maganarsu daga Littafi ba. Ina zaton bakinka ya bushe ne don abin da ke cikinka fushi ne da Allah, kai kuma kana ta kawo masa godiyar da ba ta kai zuci ba. Ka faɗa masa fushin. In kuma ka ga sanyin nan ya wuce batun ƙasa, ya shiga barcinka da cin abincinka da sha'awar wasa da 'ya'yanka har makonni, ka ga likita, don wanda ya sha duka da tsarewa yakan ɗauki raunin da ba a gani, kuma yana da magani.

Fastonka ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ba a gaban jama'a ba, ba kuma a intanet ba. Kada ka je da niyyar kayar da shi. Ka roƙe shi abu ƙarami: ya ba ku ɗaki sau ɗaya a wata, ya bar zumuntar matasa ta yi nazarin Amos da Mika. Fastoci da yawa tsoro ne ke sa su fakewa da Romawa 13, suna da garke da gini da iyali da suke jin za a taɓa, kuma wanda ba zai taɓa hawa titi ba yakan yarda a ziyarci fursuna, tunda Matiyu 25 ba ta bar masa hanyar musu ba. In ya hana ko wannan, ya kuma nace cewa tambayar ina adalci tawaye ce, to ka fara tunanin inda za ka kai 'ya'yanka su ji bishara cikakkiya, amma ka fita lafiya, ba da tsiya ba.

Abokinka mai muƙami kuma kada ka yi saurin binne shi. Mai yiwuwa ya sayar da kansa, wannan na faruwa kullum. Amma a fadar Ahab ɗin nan da Iliya ke yaƙa akwai wani Obadiya, wakilin gidan sarki, wanda ya ɓoye annabawa 100 a cikin koguna yana kai musu abinci da ruwa. Daga nesa ba ka iya bambance Obadiya da maci amana, sai ka kai masa buƙata. Idan kun fara aikinku kuka samu takarda ta farko da ta maƙale a wani ofishi, ka kira shi, ka gaishe shi da mutunci, ka ce ga sunan wani bawan Allah, ga lambar fayil ɗinsa, ana neman sa hannu ɗaya. Abin da ya yi da wannan takardar zai gaya maka ko wane ne shi yanzu.

Mama.